Na Rubuta Gaskiya A Littafin Da Na Ɓoye

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan shafi, kuma a yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai wuce firamare ba. Ba zan faɗi sunana ba, ba zan faɗi na kowa ba.

Lokacin da abin ya faru ina zaune a Unguwar Gano, cikin Tarauni, ni da 'yan biyuna mata, ina ɗinkin hula a gida. Tun ina yarinya ni mai yawan wasi-wasi ce. Nakan kulle ƙofa in taka har bakin titi, sannan in dawo in taɓa kwaɗon. Nakan sake alwala don ina shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannuna. In na kuskure zare ɗaya a hula sai na warware layin gaba ɗaya, ko da babu mai iya gani. Maigidana soja ne, mutum mai yawan barkwanci, kuma Sajan-manjo yake kirana, wai ko a bariki bai taɓa ganin mai bin doka kamata ba. Na faɗi wannan ne don a san ba sakaci ne ya kai ni ba. Da sakaci ne, da ya fi mini sauƙin ɗauka.

Yana bakin daga motarsu ta taka nakiya. Wasu daga cikin abokansa ba su dawo ba. Shi ya dawo da ƙafar hagu a farfashe daga ƙasan gwiwa. Bayan ya kwanta a asibitin soja aka turo shi babban asibitin koyarwa da ke kusa da mu, inda aka haɗa ƙashin, aka ɗaure shi da ƙarafa ta waje, wasu siraran ƙarafa kuma suka ratsa fata suka shiga cikin ƙashin. Likitoci suka ce ƙafar za ta iya rayuwa idan ciwon bai ruɓe ba. Ranar da na fara ganinta na tsaya ina ta kallonta. Shi kuwa ya ce in daina kallonta haka, ai yanzu na samu wurin shanya kayan yara.

Ana gab da sallamarsa wani likita daga jami'a ya zo ya zauna da mu. Ya ce suna wani bincike a kan sojojin da suka samu irin wannan rauni. Abin da suke son ganowa shi ne yadda za a gane ciwo ya fara ɓaci tun mutum yana gida, kafin abin ya kai ga ƙashi, domin sojoji da yawa suna jinya ne nesa da asibiti. Ya ce ba dole ba ne, kuma ko mun ƙi za a ci gaba da duba shi kamar kowa. Maigida ya yarda, ya sa hannu. Aikin rubutu kuma aka ba ni, tunda ni ce a gida. Wata ma'aikaciyar jinya, 'yar Kudancin Kaduna, wadda kowa ke kira Sista, ita ta koya mini. Ta ba ni abin awon zafin jiki da wani littafi mai gidaje-gidaje. Safe da yamma zan auna zafinsa in rubuta lambar. Zan duba bakin ƙarafan in ga ko akwai ruwa, wane launi ne, ko yana wari. Ta ja jan layi a ƙarƙashin lamba talatin da takwas, ta ce duk ranar da ya kai nan, ko ruwan ya canza, kada in jira ranar zuwa asibiti, in kira ta a waya. Na sa ta maimaita sau uku. Ta yi dariya ta ce, Maman 'yan biyu, ba jarrabawa ba ce. Ta kuma nuna mini babu sunansa a bangon littafin, lamba ce kawai, kuma babu wanda zai gani a bariki.

Amma ni kamar jarrabawa na ɗauke shi. Na yi wa littafin riga da leda. Nakan fara rubuta lambar a tafin hannuna kafin in sa ta a gidanta, don kada in yi gogewa. Duk sati biyu muna hawa adaidaita mu tafi asibiti, Sista ta buɗe littafin tana jinjina kai. Wata rana har ta kira ɗalibai biyu masu fararen riguna ta nuna musu, ta ce su dubi rubutun matar da ta tsaya a aji shida, su ji kunya. Ban taɓa samun yabo irin wannan ba a rayuwata. Na dawo gida ina jin kamar ni ce nake warkar da ƙafar da biro.

A sati na bakwai, wata Talata bayan La'asar, na cire abin awon daga hammatarsa na ga ya haura jan layin. Na sake aunawa, na kuma sakewa. Na duba ƙarafan, sai na ga ɗan ruwa mai kalar ƙasa-ƙasa a bakin na biyu daga sama. Na ɗauko waya. Ya riƙe mini hannu, ya ce in zauna tukuna.

A nan ya gaya mini abin da ke cin sa. Kwamitin likitocin soja zai zauna a kansa nan da wata biyu, su yanke ko zai koma aiki ko za a sallame shi. Ya ce shi bai iya komai ba sai aikin soja, tun yana saurayi yake cikin kaki, kuma ko aikin ofis aka ba shi ya yarda, in dai ba a cire masa kakin ba. Na tuna masa Sista ta ce littafin ba ya zuwa bariki. Ya ce ni ban san aikin gwamnati ba, duk takardar da ta shafi soja wata rana sai ta kwana a teburin oga. Ya ce zazzaɓin sauro ne, damina ce, kowa a unguwa yana yi. Sannan ya dube ni, babu wasa a fuskarsa, ya ce: "Ban taɓa roƙonki komai ba. Ki rubuta irin ta jiya."

Ina nan zaune da biro a hannu mahaifiyarsa ta yi sallama. Inna a Gyadi-Gyadi take, kullum da yamma takan zo da kunu a fulas. Da ta ji abin da muke ciki sai ta goyi bayansa. Ta ce tun da take ba ta taɓa jin an gaida marar lafiya an ce jiki ya yi tsanani ba, da sauƙi ake cewa, Allah kuma Ya kawo sauƙin. Ta ce mace tagari rufa asirin mijinta take yi, ba ta zauna tana rubuta warin jikinsa a takarda tana kai wa baƙi su karanta ba. Ba da mugunta ta faɗa ba. Haka aka tarbiyyantar da ita, haka ni ma aka tarbiyyantar da ni. Na sunkuyar da kai na rubuta irin ta jiya.

Sai dai zuciyata ba ta iya ɗaukar ƙarya haka kawai. Washegari da safe na je shagon bakin layi na sayi ƙaramin littafi irin na 'yan makaranta, na ja masa gidaje da bakin murfin kwano, daidai irin na asibiti. A ciki na rubuta lambar gaskiya, da launin ruwan, da komai. Na ɓoye shi a ƙasan gwangwanin da nake ajiye zaren hula. Daga ranar na zama mai littafi biyu. Nakan auna, in rubuta gaskiya a nawa, in rubuta abin da yake so a nasu. Na lallashi kaina cewa ban yi ƙarya ba tunda gaskiyar tana nan a rubuce, ajiye ta kawai na yi. Har istigfari nakan yi bayan kowane rubutu, ina ƙirgawa da yatsu.

Ya aika aka sayo masa kafso da maganin zazzaɓi a kemis, zafin ya sauka kwana uku, ya ce to Sajan-manjo, kin gani. Zafin ya dawo a rana ta huɗu. Da ranar asibiti ta zo ya sha maganin tun da sassafe, ni kuma na wanke bakin ƙarafan da ruwan gishiri, a hankali, ɗaya bayan ɗaya, har ba a ganin komai. Na iya wanki, kowa ya sani. A asibiti aka auna shi aka ga lafiya lau. Likita ya duba littafin ya ce tunda komai yana tafiya daidai, ba sai muna shan wahalar hanya duk sati biyu ba, mu riƙa zuwa sau ɗaya a wata, in wani abu ya taso ai ga waya. Sista ta dafa kafaɗata ta ce da duk masu jinya irina ne da ta yi ƙiba. A lokacin littafin gaskiyar yana cikin jakata, a ƙarƙashin hijabi. Na zo da shi. Hannuna yana kansa. Na yi murmushi na ce mun gode.

Watan da ya biyo baya ba na iya tuna shi a jere. Abin da na sani shi ne lambobin da ke littafina suna hawa, na littafinsu suna tsaye. Ruwan ya koma rawaya, ya yi kauri. Wari ya fara, na riƙa sa turaren wuta safe da yamma har maƙwabciyata ta tsokane ni wai ko sabon amarci muke. Ya daina barkwanci. Abinci sai ya ci loma biyu ya ture. Duk wanda ya zo dubiya ya ce ya jiki, ni ce nake fara amsawa da sauƙi. Sau biyu na ce masa mu kira Sista, ya ce saura kwana kaɗan kwamiti ya zauna, in sun gama zai je da kansa ko da rarrafe ne. Wata rana da hantsi na ce masa zan je sayen zare, na ɗauki littafina na hau adaidaita har ƙofar asibiti. Na sauka. Na tsaya ina kallon masu shiga da kuloli da tabarmi. Ina ta shirya abin da zan ce, kowace magana na shirya sai in ga ta fara da cewa ni maƙaryaciya ce, mijina kuma ya sa ni. Na tuna ɗaliban nan biyu da aka nuna wa rubutuna. Na sayi lemo a wurin mai tire na koma gida.

Ranar da abin ya ƙare, da safe ne, yara sun tafi makaranta. Na kawo masa ruwan wanke baki na tarar yana rawar ɗari har ƙarafan suna ƙara a jikin gado. Ya dube ni ya kira ni da sunan wani abokinsa da ya rasu a motar nan, ya ce in gaya wa direba ya tsaya. Ban yi kuka ba, ban yi ihu ba. Na tuna na naɗe tabarma, na kashe risho, na kira maƙwabta suka ɗauke shi. Na kulle ƙofa, kuma ranar ce kaɗai a rayuwata ban dawo na taɓa kwaɗon ba.

Bayan an shiga da shi, Sista ta fito da sauri ta ce in ba ta littafin. Na miƙa mata guda biyu. Ta buɗe nasu, ta buɗe nawa, ta jera su a kan benci tana bin kwanakin da yatsa. Ta daɗe ba ta ɗago ba. Na jira ta zage ni, ina ma so ta yi. Da ta ɗago, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce: "Maman 'yan biyu, kin ga komai. Ba abin da ya wuce ki. Me ya sa ba ki kira ni ba?"

 Ta ɗauki ƙaramin littafin ta shiga da shi, ta bar mini mai rigar leda a kan benci.

Kwana biyu suna ƙoƙari. A na uku likita ya kira mu, ni da yayan maigida, ya ce ciwon ya ci ƙashin kuma ya fara shiga jini, zaɓin da ya rage shi ne ƙafar ko ransa. Aka yanke ta daga saman gwiwa. Ina zaune a baranda lokacin da ake aikin, Inna tana gefena tana jan carbi tana hawaye. Ni kuwa ina kallon wata tsaga a siminti, ina bin ta da ido daga bango zuwa bakin kwata, in dawo. Mutane suna cewa in yi haƙuri, ina cewa na gode. Wata mata ta ce ba ta taɓa ganin mai tawakkali irina ba. Ba tawakkali ba ne. Ban ji komai ba ne kawai, kamar hannun da aka kwanta a kansa.

Bayan sati ɗaya likitan binciken ya nemi ganina a ofishinsa, Sista tana wurin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce dole su cire duk abin da na rubuta a littafinsu tun daga sati na bakwai, domin da an bar shi, zai nuna kamar ciwo yana iya ɓaci ba tare da wata alama ba, kuma wannan zai iya ɓatar da su a kan abin da za su koya wa masu jinyar wasu sojojin. Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ina ganin asirin gidana nake rufewa, ashe ƙaryata tana kan hanyar zuwa gadon mutanen da ban taɓa gani ba. Sannan ya ce ƙaramin littafin nawa, in ni da maigida mun yarda, suna so su riƙe shi, don a rubuce yake kwana bayan kwana ba tsallake. Ya kuma ce ba su san tsoron kwamiti yana da ƙarfi haka a zuciyar majinyatansu ba, za su riƙa zama da su a kan wannan tun daga farko. Na ce su riƙe. Sai na yi masa tambayar da ta hana ni cin abinci: da na kira a ranar Talatar nan, da ƙafar tana nan?  Ya ce ba zai iya rantsuwa ba, irin wannan rauni wani lokaci ko an yi komai daidai yakan ƙi. Amma a ranar akwai abubuwa da yawa da za su iya gwadawa, ranar da na kawo shi kuwa abu ɗaya ne ya rage.

Kwamitin ya zauna daga baya, aka sallame shi daga aiki. Babu wanda ya tambayi wani littafi, ba su ma san da shi ba. Gaskiya Sista ta faɗa tun farko.

Yanzu yana gida, yana koyon tafiya da ƙafar roba. Bai taɓa ɗora mini laifi ba. Sau ɗaya ya yi maganar, muna zaune a tsakar gida ina ɗinki, ya ce shi ya ba da oda, ni bi kawai na yi, in daina hukunta kaina. Na ce to. Inna ta ce ƙaddara ce, kuma na yi imani da ƙaddara, amma na san da hannuna na rubuta lambobin nan. Ya daina kirana Sajan-manjo. Ban san ko mantawa ya yi ba ko tausayina yake ji, ban kuma tambaya ba. Ina dafa abinci, ina kai yara makaranta, ina wanke masa dungulmin da ruwan ɗumi. Ina jira ranar da kukan zai zo, har yau bai zo ba. Littafin mai rigar leda yana nan a ƙasan gwangwanin zare, a inda ɗayan yake a da. Babu gogewa ko ɗaya a cikinsa.

Abin da na koya, a makare, shi ne tsoron yin kuskure daban, tsoron a ga kuskurenka daban. Duk rayuwata ina zaton na farko nake da shi, ashe na biyun ne ya fi ƙarfi a kaina. Na kuma gane gaskiyar da aka rubuta aka ɓoye ba ta da wani amfani ga marar lafiya, ni kaɗai take lallashi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu jinya, musamman matan sojoji da iyayensu. Da sauƙi amsar gaisuwa ce, a ba wa maƙwabta da 'yan dubiya, ba laifi. Amma idan likita ko ma'aikaciyar jinya ta tambaya, ko aka ba ku takarda aka ce ku rubuta abin da kuka gani, to ba gaisuwa ake yi ba. Ku faɗi warin, ku faɗi launin, ku faɗi lambar yadda take. In kuna tsoron inda maganar za ta je, ku tambaya, ku sake tambaya, ku gaya musu tsoron naku a fili. In marar lafiyar ya roƙe ku ku yi shiru, ku tuna ciwo da tsoro ne suke magana da bakinsa. Zai yi fushi, zai yiwu ya yi sati bai kula ku ba. Ni na guji fushin sati ɗaya, ga shi kullum da safe ni nake miƙa masa ƙafarsa daga jikin bango.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya yafe mini.